Talauci ko Gado? Sake Nazarin Dalilan Shiga Kaburburan Manyan Ma'aikata a Yammacin Tebes

Gabatarwa

Wanda duk ya saba da kundin Porter da Moss ya san irin bayanin da ke biyo bayan lambobin wasu kaburbura na yammacin Tebes: wane ne ya sassaƙa, wane kuma ya ƙwace daga baya. A yau da wuya a sami masanin da zai tsaya kai da fata a kan cewa duk wanda ya shiga kabarin wani ɓarawo ne, domin tun bayan nazarin Polz (1990) wannan hukunci ya yi sanyi. Sai dai da bayanin sata ya ja da baya, wani ya maye gurbinsa, wanda ya fi shi ladabi, ya kuma fi shi wuyar kayarwa. Bayanin shi ne talauci. Ana cewa a ƙarshen Sabuwar Masarauta tattalin arziƙin Masar ya durƙushe, tsaro ya taɓarɓare, manyan ma'aikata suka kasa biyan masassaƙa da masu zane, shi ya sa suka koma lallaɓa kaburburan magabata. Maganar ta shiga littattafan koyarwa, ta shiga bakin masu yi wa baƙi jagora a Luksor, har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja.

Wannan maƙala tana ganin an ɗauki bayanin da ya dace da ƙarni ɗaya ko biyu an shimfiɗa shi a kan al'adar da ta yi shekara sama da 1,500 ana yin ta. A ganina, abin da ya fi jan mutane zuwa tsofaffin kaburbura shi ne darajar wurin da suke, tare da wata fahimta ta mallaka wadda ta ɗaure haƙƙi da hidima: kabari na mai kula da shi ne, idan kulawa ta yanke, haƙƙi na iya komawa hannun wani. Za a ga a gaba cewa hujjar da ke hannu ba ta ɗauki dukkan wannan iƙirari daidai wa daida ba, kuma za a nuna inda ta tsaya.

Abubuwa uku da ake cuɗawa

Tsarin waɗannan kaburbura sananne ne (Gardiner da Weigall, 1913, Kampp, 1996). Fiye da 400 ne aka ba lamba a tuddan Shaikh Abdul Ƙurna, Dira Abul Naga, Khokha, Asasif, Ƙurnat Mura'i da Dair al-Madina, ban da ɗaruruwan da ba su da zane. Kabarin babban ma'aikaci na daula ta 18 yakan fara da farfajiya, sai zaure mai faɗi, sai dogon lungu da ke ƙarewa da gurbin mutum-mutumin mamaci da matarsa. Daga farfajiya ko daga ciki ne rami ke gangarawa zuwa ɗakin da gawa take.

Abin da muhawarar ke yawan tsallakewa shi ne cewa abubuwa uku ne a nan, kowanne da hukuncinsa. Akwai zauren sama, wanda a buɗe yake, dangi na zuwa su ajiye hadaya, magatakarda na shiga yawon buɗe ido har su bar rubutu a bango, kamar yadda suka yi a kabari mai lamba TT60 a zamanin daula ta 18. Akwai ɗakin ƙasa, wanda ake toshewa bayan jana'iza. Akwai kuma kayan da ke cikin ɗakin: akwatunan gawa, zinariya, lilin, tagulla. Mai fasa ɗakin ƙasa da dare ya kwashi zinariya, da mai kawo gawar mahaifiyarsa ya ajiye a gefen tsohuwar gawa, da mai ɗauko masu zane su yi watanni suna gyara zauren sama ido na ganin ido, ba aiki ɗaya suka yi ba. Shi na ukun ba ya iya ɓoye abin da yake yi. Yammacin Tebes na da magajin gari, da 'yan doka, da magatakardan maƙabarta. Ba a yaɓe bango a zana suna da manyan haruffa a irin wannan wuri a sace.

Takardun shari'ar ɓarayin kaburbura (Peet, 1930) sun ƙarfafa wannan rabe-rabe. A shekara ta 16 ta mulkin Ramsis na IX, wajen 1110 kafin Miladiyya, kwamitin da waziri Ka'emwaset ya aika ya ba da rahoto, kamar yadda takardar Abbott ta adana, cewa an fasa kaburburan mutanen gari, an fiddo gawawwaki daga akwatunansu an yar a ƙasa. A takardar Leopold-Amherst, magini Amenpanefer ya amsa cewa su takwas suka shiga kabarin sarki Sobekemsaf, suka raba zinariya deben 160, wato kimanin kilo 14 da rabi. Tuhumar da ke cikin waɗannan takardu ta ƙarfe ce da tufafi da ƙona akwatuna. Ba su ɗauke da ƙarar wani jami'in haikali don ya sake zana zauren wani tsohon kabari, alhali a daidai wannan mulki ne Imiseba, shugaban magatakardan haikalin Amun, yake ƙawata TT65, kabarin da wani Nebamun ya fara tun zamanin Hatshepsut.

Kafin yunwa da bayanta

Idan talauci ne tushe, ya kamata al'adar ta bayyana tare da shi, ta kuma lafa idan wadata ta dawo. Ba haka jerin shekarun ya nuna ba.

Meri shi ne babban limamin Amun a zamanin Amenhotep na II, wajen 1420 kafin Miladiyya, lokacin da ganimar Sham da zinariyar Nubiya ke kwarara cikin taskar haikalin da yake shugabanta. Yana da nasa babban kabari, TT95. Duk da haka ya sa sunansa a wasu sassa na TT84 da ke kusa, kabarin Iyamunejeh, sanƙiran Tutmos na III, wanda bai fi tsara ɗaya da rasuwa ba. Ko me za a ce game da halin Meri, ba za a ce rashi ne ya tura shi ba.

A farkon daula ta 19, zamanin da ake tsayar da ginshiƙai 134 na babban zauren Karnak, wani mai suna Kel, shugaban rumbun haikalin Khonsu, ya shiga TT54, kabarin Hui mai sassaƙa. Bai goge sunan Hui ba, bai rufe hotunansa ba. Ya cike bangayen da aka bari fayau, kuma Polz (1997) ya karanta aikin a matsayin karɓar nauyin hidimar mai kabarin na farko. A TT45 ma (Davies, 1948) Jehutiyemheb, shugaban masaƙan lallausan lilin na haikalin Amun a zamanin Ramsisawa, ya tarar da aikin Jehuti na zamanin Amenhotep na II bai kammala ba. Ya zana bangayen da suka rage, sannan ya bi wasu tsofaffin hotunan yana sauya musu sutura da gashin kai da kujeru zuwa yayin zamaninsa, har da sanya wa 'yan mata masu hidima riguna. Wannan aikin haƙuri ne, mai cin lokaci da fenti. Wanda ke neman araha zai shafe bangon da farar ƙasa ya huta.

Can ɗaya ƙarshen kuma, a daula ta 25 da ta 26 kuɗi ya dawo Tebes, har aka sassaƙa kaburburan da suka fi na kowane ma'aikaci girma a tarihin wurin, irin su na Montu'emhat (TT34) da na Padi'amenope (TT33). Amma shiga tsofaffi bai tsaya ba, su kansu sababbin ma an shige su. Iyalan limaman Amun na daula ta 30 da zamanin Batlamusawa sun yi ta binne nasu a TT414, kabarin Ankh-Hor. Kabarin da Rhind (1862) ya haƙa an yi shi ne domin wani shugaban 'yan doka wajen 1290 kafin Miladiyya, amma na ƙarshe da aka rufe a ciki su ne iyalin Montsuef, babban jami'i da ya rasu a shekara ta 9 kafin Miladiyya, zamanin Augustus, da fuskar zinariya da rumfar katako mai ado. A farkon ƙarni na 2 Miladiyya, iyalin Soter, wanda ke riƙe da muƙamin shugabancin gari a Tebes, suka zaɓi TT32 na zamanin Ramsis na II. Waɗannan su ne masu hannu da shuni na zamaninsu.

To me ya ja su? Dutsen da kansa yana ba da rabin amsa. Tudun Shaikh Abdul Ƙurna yana fuskantar Karnak ta tsallaken Nilu, yana kallon haikalan sarakuna da ke bakin gonaki, yana kuma kusa da hanyar da kwale-kwalen Amun ke bi zuwa Dair al-Bahari a bikin Kwari na shekara-shekara, ranar da iyalai ke ci da sha a zaurukan matattunsu. Irin wannan wuri ba ya ƙaruwa. Ingancin dutsen ma ba ɗaya ba ne: na gindin tudu ya fi karɓar sassaƙa, kamar yadda kaburburan Ramose (TT55) da Ka'emhat (TT57) suka nuna, na sama kuwa mai marmashewa ne, sai an yaɓe shi kafin a yi zane. Kafin daula ta 18 ta ƙare, wurare masu kyau sun kusa cika. Mai muƙami da ya zo bayan shekara 150 yana da zaɓi biyu: ya sassaƙa sabo a gefe, ko ya nemi kango a tsakiya.

Dokar Fir'auna

Sauran rabin amsar yana cikin rubuce-rubucen ƙauyen ma'aikata na Dair al-Madina. A wani ɓallin rubutu da ke Gidan Tarihi na Birtaniya (lamba 5624), ma'aikaci Amenemope yana kare haƙƙinsa a kan wani kabari a shekara ta 21 ta mulkin Ramsis na III. Hujjarsa ita ce a shekara ta 7 ta mulkin sarki Horemheb, kimanin shekara 150 kafin nan, wani babban jami'in Tebes ya raba wa ma'aikata wuraren da ke maƙabarta, ya ba kakansa Hai kabarin wani mutum da bai bar ɗa namiji ba, wanda wurarensa suka zama yasassu, kuma akwai dangantaka ta wajen 'yar mutumin. Da rikici ya tashi, aka kai maganar gaban gunkin sarki Amenhotep na I, wanda ƙauyen ke neman hukunci a wurinsa, ya tabbatar masa da kabarin. A nan ga hukuma tana rabawa, ga sharaɗin yasarwa, ga dangantaka ta wajen mace, ga kuma wurin ɗaukaka ƙara.

Takardar Bulaƙ ta 10, wadda Janssen da Pestman (1968) suka yi wa sharhi, ta ƙara wani ginshiƙi. A cikinta an kafa hujja da dokar Fir'auna cewa dukiyar mamaci ta wanda ya binne shi ce. 'Ya'yan da suka ƙi ɗaukar nauyin jana'iza suna iya rasa rabonsu. Wato kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, wanda ya yi askin kuma shi ke da ladan. Idan aka ɗora wannan ƙa'ida a kan abin da Kel ya yi a TT54, sai a ga barin sunan Hui a bango yana iya zama fiye da kara. Mai yiwuwa shi ne shaidar da ke halasta zamansa a wurin.

Akan kawo la'anar da ke rubuce a ƙofofin kaburbura a ce ai su Misirawan da kansu sun haramta. Gaskiya ne akwai ta. Hetepherakhet na daula ta 5 ya rubuta cewa ya gina nasa a wuri mai tsarki inda babu kabarin kowa, kuma littafin wasiyya ga sarki Merikare ya hana gina kabari da ɓaraguzan na wani. Amma ba a alfahari da barin abin da ba wanda ke yi. Waɗannan nassoshi sun girmi durƙushewar daula ta 20 da ɗaruruwan shekaru, na farkon ma da fiye da 1,000, don haka suna nuna matsalar tsohuwa ce. Abin da suke tsinewa kuma shi ne rushewa da ɓatawa, ba kammala aikin da mai shi ya bari ba.

Hujjar akwatunan gawa

Mafi ƙarfin abin da masu bayanin talauci ke dogara da shi shi ne aikin Kara Cooney, kuma ya cancanci a tsaya a kansa. A maƙalarta ta 2011 ta nuna cewa a ƙarshen Sabuwar Masarauta manyan Tebes sun sauya salon jana'iza domin kare kai: suka rage gina kaburbura masu ado, suka koma ɓoye gawawwaki da yawa a wuri guda, suka mayar da ƙarfinsu kan akwati da gyaran gawar kanta. A littafinta na 2024 ta tattara sakamakon duba akwatuna kusan 300 a gidajen tarihi, inda fiye da rabin na daula ta 21 ke ɗauke da alamun an taɓa amfani da su: tsohon fenti a ƙarƙashin sabo, suna a kan suna, akwatin namiji da aka mayar na mace. Ita ba ta kira wannan lalacewar ɗabi'a ba. Ta ɗauke shi dabara ce ta mutanen da katakon al'ul daga Lebanon ya yanke musu.

Daga nan ake gina ƙalubale uku a kan matsayin wannan maƙala. Na farko, yanayin zamanin ba abin musu ba ne: yajin aikin ma'aikatan Dair al-Madina a shekara ta 29 ta Ramsis na III saboda jinkirin rabon hatsi, tashin farashin hatsi a tsakiyar daula ta 20, hare-haren Libiyawa, kuɓucewar Sham da Nubiya. Na biyu, a daidai wannan lokaci ne sababbin kaburbura masu zane suka ragu har suka kusa ɓacewa a daula ta 21. Na uku, idan mutum zai fitar da kakarsa daga akwati don ya sa mahaifinsa, me zai hana dalili ɗaya ya kai shi kabarin wani?

Ƙalubale na farko karɓaɓɓe ne gaba ɗaya, amma bai taɓa Meri ba, bai taɓa Kel ba, bai taɓa Soter ba. Iyakar abin da zai iya bayyanawa shi ne ƙaruwar al'adar a wani zango. Asalinta da ɗorewarta suna wajensa.

Na biyu ya fi nauyi, sai dai yana cuɗa rashin kuɗi da rashin tsaro. Pinejem na II, babban limamin Amun, shi ke riƙe da kudancin Masar a zamaninsa, amma shi da iyalinsa an binne su a ramin da ba shi da zane ko ɗaya, wanda ake kira DB320, inda daga baya aka tara gawawwakin fir'aunoni. A maɓoyar Bab al-Gasus da aka gano a 1891 an sami gawawwaki 153 na limamai da mawaƙan Amun, da akwatuna masu ado da takardun addu'o'i masu tsada. Waɗannan mutane sun guji zauren sama ne domin yana nuna wa ɓarawo inda rami yake. Ita Cooney ta ba tsaro babban matsayi a bayaninta. Masu aron hujjarta ne ke taƙaita ta zuwa aljihu.

Na uku shi ne inda, a ganina, qiyasin ya karye. Akwati kaya ne mai motsi, da katakon da sau da yawa sai an kawo daga nesa, kuma ba ya ɗaukar gawa biyu. Kafin a sake amfani da shi dole a fitar da wani. Kabari kuwa wuri ne. Ana iya haƙa sabon rami a farfajiya ko a daɓen zaure ba tare da an taɓa mai ɗakin ƙasa ba. Dutse bai taɓa yankewa a Tebes ba kamar yadda al'ul ya yanke. Abin da ya yi ƙaranci shi ne matsayi a jikin tudun, kuma wannan ƙaranci wadata ce ta haifar da shi, domin yawan masu gini a shekarun Tutmos na III zuwa Amenhotep na III ne ya cinye wurin. Imiseba ya rayu a tsakiyar matsin da ake magana, amma abin da ya zuba a bangayen TT65, da manyan hotunan bukukuwan haikali, ba kasafin matalauci ba ne. Abin da ya samu da shiga kabarin Nebamun shi ne babban zaure a saman tudu mai kallon Karnak, abin da kuɗi kaɗai ba sa saya a zamaninsa.

Inda hujja ta tsaya

A nan dole a rage faɗin iƙirarin. Takardun da suka nuna rabon kaburbura da hannun hukuma daga Dair al-Madina suke, ƙauyen da gwamnati ta kafa, take ciyarwa, take kuma sa wa ido fiye da kowane. Ɗaukar tsarinsa a ɗora wa manyan ma'aikatan Shaikh Abdul Ƙurna hasashe ne mai ma'ana, ba tabbaci ba. Misalin Meri ma yana yanka ta gefe biyu: ya rushe bayanin talauci, amma bai taimaki bayanin gado ba. Tsara ɗaya ta yi kaɗan a ce hidimar Iyamunejeh ta mutu da kanta, kuma ba abin mamaki ba ne idan ƙarfin muƙami ne ya yi aiki. Akwai ma shaidar da ta fi wannan muni. A wasiƙun ƙarshen zamanin Ramsisawa an ga janar Piyankh ya umarci magatakardan maƙabarta, cikinsu har da Butehamun, su buɗe wani kabari na magabata su jira dawowarsa. Wannan kwasa ce da izinin hukuma, ba wata hidima a ciki.

Haka kuma daga daula ta 21 zuwa ta 25 salon ya sauya. A TT99, kabarin Senneferi na zamanin Tutmos na III wanda Strudwick ya haƙa, waɗanda suka zo daga baya sun huda gajerun ramuka a daɓen zaure suka binne nasu, ba su damu da bangon ba, ba su ƙara ba, ba su rage ba. Babu alamar sun ɗauki nauyin Senneferi. Inuwar wurin suke so. Ga irin waɗannan, bayanin tsaro da tsimi yana da ƙarfi, kuma ba na jin ana iya kore shi.

Abin da ya rage bayan wannan tankaɗe abu uku ne, kuma su nake ganin za su jure suka. Shiga tsofaffin kaburbura ya girmi matsin daula ta 20, ya kuma rayu bayansa a hannun mawadata. Sake zana zauren sama aiki ne na bainar jama'a da ba a samu ana hukunta shi a takardun shari'ar da suka tsira ba. Sannan aƙalla a al'umma ɗaya ta Tebes akwai tsararriyar hanya ta mayar da yasasshen kabari hannun wani. Talauci yana da gurbi a labarin, gurbin mai hanzartawa a wani zango.

Masu zama da rai

Daga ƙarni na 6 zuwa na 8 Miladiyya wasu baƙi na daban suka hau tudun, ba don binnewa ba, don zama. Ruhubanawan Kibɗawa sun kafa mazaunin Epiphanius a kabarin waziri Dagi, TT103 (Winlock da Crum, 1926), shi ma TT65 na Imiseba ya shiga cikin mazaunin Cyriacus. A TT29, kabarin waziri Amenemope, wani mai zuhudu da ake kira Frange ya zauna a farkon ƙarni na 8, bayan Musulmi sun buɗe Masar, yana saƙa, yana kwafar littattafai yana ɗinke su, ya bar ɗaruruwan wasiƙu a kan tsingaro (Boud'hors da Heurtel, 2010). A Amarna an mayar da kabarin Panehsi coci, haka ma na Khunes a Ƙubbatul Hawa da ke Aswan. Waɗannan ba magada ba ne, kuma a wasu wurare sun kankare hotuna sun zana gicciye. Amma su ma ba rashin matsuguni ya kai su ba, tun da garin Jeme na nan ƙasa da gidajensa a cikin haikalin Madinat Habu. Sun bi sawun waliyyi Antoniyus ne, wanda tarihin rayuwarsa ya ce ya yi halwa a kabari. Darajar wuri ce dai, da sabuwar ma'ana.

Tunanin cewa kabari na da mai shi guda da zamani guda, sauran duk ɓarna ce, ya yi wa ilimin kansa asara. Masu haƙa na farko sun sha share saman don su kai ga na fir'aunoni, kamar yadda Naville ya rushe ginin ruhubanawa da ke kan haikalin Dair al-Bahari a shekarun 1890. Tunanin ya kuma sauka a kan mutanen ƙauyen Ƙurna, waɗanda suka gina gidaje a bakin kaburbura. Ba a musun kunkunniyar da ta baƙanta rufin wasu zauruka, ba a musun cinikin da iyalin Abdur Rasul suka yi da kayan DB320 kafin asiri ya tonu a 1881. Amma Bature Wilkinson ma ya yi shekaru yana zaune a TT83, kuma shahararrun zane-zanen wani Nebamun daban da ke Landan an yanko su ne daga bango wajen 1820 domin Henry Salt, ƙaramin jakadan Birtaniya, har yau kuma ba a san inda kabarin yake ba. Ƙauyen da Hassan Fathy ya fara gina wa mutanen Ƙurna a tsakiyar shekarun 1940 bai ja yawancinsu ba, sai daga ƙarshen 2006 aka rushe gidajen aka kwashe su (van der Spek, 2011). Da gidajen aka tafi da wani babi na tarihin tudun.

Kammalawa

Rigimar da ke tsakanin talauci da gado ba za ta yanke da ƙarin misalai ɗai-ɗai ba, domin kowane ɓangare na da nasa. Abin da zai yanke ta shi ne lissafi na tsanaki, kabari bayan kabari, da ke amsa tambayoyi huɗu: shekara nawa ke tsakanin mai shi na farko da na biyu, mene ne muƙamin na biyun idan aka gwada da na tsararrakinsa masu sababbin kaburbura, me ya yi da suna da gawar na farko, kuma ko akwai zumunci ko haɗin wurin aiki a tsakaninsu. Idan lissafin ya nuna masu shiga tsofaffin zauruka a zamanin Ramsisawa su ne ƙananan ma'aikata da suka kasa, to matsayin wannan maƙala ya faɗi. Hasashena shi ne zai nuna akasin haka, cewa da yawansu ma'aikatan haikalin Amun ne masu hali, irin waɗanda ke da bakin magana a wurin masu rabon ƙasar maƙabarta. Kafin a yi wannan aiki, bai kamata littafin koyarwa ya ci gaba da gabatar da talauci a matsayin amsar da aka gama tabbatarwa ba.